Wa Ke Kai Wa Tsibi Na Huɗu Labari?

A ɗakin binciken Christopher Voigt, wanda a lokacin yake Jami'ar Kalifoniya a San Faransisko, an ɗiga tsibi huɗu na ƙwayar E. coli a kan faranti ɗaya, kowanne a wurinsa, babu mai taɓa ɗan'uwansa. In aka sa sukarin arabinos kaɗai, tsibi na huɗu sai ya yi ƙyalli ruwan ɗorawa a ƙarƙashin na'ura. In aka sa sinadarin aTc kaɗai, haka nan. Amma a haɗa su biyun, ko a hana duka, sai ya zauna duhu. Shi kuwa na huɗun bai san arabinos ba, bai san aTc ba. To, wa ke kai masa labari?

Bakin zaren yana cikin teku. A 1970 Nealson da Hastings suka lura cewa ƙwayar Vibrio fischeri ba ta haske sai ta yi yawa, domin kowace tana fitar da wani sinadari da sauran ke ji. Irin wannan saƙo aka aro, guda biyu, daga ƙwayar Pseudomonas aeruginosa. Shi ke ratsa abincin da ke cikin farantin, yana aikin waya.

Saura dokar magana. An dasa wa tsibi uku ƙa'ida ɗaya: kada ka yi magana sai ka ji shiru ta kunne biyu. Na farko yana sauraron arabinos da aTc. Na biyu, arabinos da muryar na farko. Na uku, aTc da muryar na farko. Na huɗu yana jiran na biyu ko na uku ne kawai.

Nan abin ya fi burge ni. In farantin babu komai, na farko ya buɗe baki, muryarsa ta rufe bakin na biyu da na uku. In an sa duka biyun, arabinos ya toshe na biyu, aTc ya toshe na uku. Amma a sa aTc kaɗai: na farko ya yi gum, na uku ma haka, na biyu bai ji kowa ba, sai ya aika saƙo, na huɗu ya haskaka.

Masu kwamfuta na kiran wannan lissafi XOR. Alvin Tamsir da Jeffrey Tabor da Voigt sun bayyana aikin a mujallar Nature a 2011, inda ta hanyar sauya irin tsibin da mazauninsu suka haɗa dukkan ƙofofin lissafi 16 masu mashiga biyu.