Laka a ƙasa, keke a sama: wankin keken tsauni ga mazaunin bene

Wanda ya tashi a gida mai tsakar gida bai san wankin keke abin tunani ba ne. Ka jingina shi a jikin bishiya ko bangon zaure, ka watsa masa ruwa, ƙasa ta shanye, rana ta busar, shi ke nan. Amma da yawa daga cikinmu da neman halal ya kawo Yawunde, Duwala, Kwatano, Lome ko Akara, yau a bene muke, ɗaki biyu da falo. Matakala ɗaya muke bi da mutanen da yarenmu ma ba ɗaya ba, bututun ruwa ɗaya, ramin masai ɗaya. A irin wannan zama, in ba ka san inda za ka sauke lakar kekenka ba, sai ta zama magana tsakaninka da uwargida, ko da na ƙasa da kai, ko da mai gidan haya.

Ni atamfa da yadi nake sayarwa a kasuwar Mokolo da ke Yawunde, kuma a hawa na uku nake zaune ta wajen Tsinga. Keken tsauni, wanda masu Faransanci ke ce wa VTT, ni da babban ɗana muke karɓa-karɓa, ni zuwa shago, shi kai aike. Garin nan duk hawa da gangara ne, keke marar giya wahala ne. Ga damina biyu a shekara, ɗaya daga Maris zuwa Yuni, mai ƙarfin kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Ƙasar ja ce mai danƙo. Unguwar Briqueterie ma, inda Hausawa suka fi yawa, ma'anar sunanta wurin yin bulo. To ƙasar da ake bulo da ita, ai ka san abin da za ta zama in ta taru a cikin bututu.

Me ya sa wannan keken ya fi kwasar laka

Ku tuna Raleigh da Phoenix na iyayenmu. Akwai murfi a saman kowace taya, da yawa kuma sarƙarsu a rufe take ruf da kwano. An yi su ne don mai babbar riga ya hau ya sauka tsaf. Keken tsauni kuwa a jihar Kalifoniya ta Amurka ya samo asali a shekarun 1970, wajen samarin da ke wasan gangarowa daga tudu. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, daga nan irinsa ya bazu a duniya. Mai wasa ba ruwansa da murfi, don nauyi ne a wurinsa. Shi ya sa sarƙa a buɗe, haƙoran giya bakwai zuwa goma sha biyu a baya duk a waje, ga taya mai guda-guda da ke cika da laka tana feso ta a bayanka.

Ita lakar ba ado kawai take ɓatawa ba. Yashin da ke cikinta in ya haɗu da man sarƙa, ya zama abin wasa wuƙa, kullum yana cin ƙarfe. Don haka barin wankin asara ne, yin sa a banɗaki kuma wata asarar ce.

Banɗaki ba wurin laka ba ne

A ƙarƙashin kowane wurin zubar ruwa akwai ɗan lanƙwasasshen bututu da ke riƙe ruwa don ya tare wari. Faɗinsa bai fi santimita 4 ko 5 ba. Kumfa na wucewa, amma yashi da yumɓu nauyi gare su, nan suke kwanciya. Yau kaɗan, gobe kaɗan, su haɗu da gashi da sabulu, wata rana ruwa ya tsaya. A bene kuma bututun kowa a babba ɗaya yake haɗuwa, in ya toshe a ƙasa, wanda ke hawa na farko ne ƙazanta ke fitowa a ɗakinsa, alhali bai taɓa hawa keke ba. Na ga yadda irin wannan ta raba wani ɗan'uwanmu da gidan da ya shekara yana ciki lafiya. An fasa tayil, an cire kuɗin gyara daga ajiyarsa ta kama haya, ga kunya a idon maƙwabta. Baƙo kuwa, laifinsa ba a kansa kaɗai yake tsayawa ba, gobe wani Bahaushen ya zo neman haya a ce ai mun san ku.

Kada ka ce to bari in juye a masai tunda bututunsa babba ne. Laka ba ta ruɓewa, ramin kawai za ta cika, kuɗin kwasa kuma kowa zai biya. Baranda ma haka, ruwan da ka zubar kan shanyar na ƙasa zai sauka. Ga kuma abin da iyalina suka fi dagewa a kai: lakar titin gari ba ta gona ba ce, ruwan kwata na haɗuwa da ita. Ɗakin da ake shimfiɗa darduma, jarirai ke rarrafe, bai dace da ita ba.

Ƙa'idar ɗaya ce. Aikin ruwa a ƙasa, aikin tsumma da mai a sama.

Aikin ƙasa

Da farko nemi izini. Ka samu mai gadi ko mai kula da gida ya nuna maka lungun da ruwa ke shiga ƙasa, ba bakin ƙofa ba, ba inda mata ke wanki ba. Wata dattijuwa da ke hawa na farko a gidanmu, ranar da ta ga ɗana da bokiti, cewa ta yi: "Ɗan nan, matsa can gindin ayaba, ka wanke kekenka, ta sha ruwa." Tun daga ranar wurin ya zama namu.

Kayan aikin duk bokiti ɗaya ya ɗauke su: soso, buroshin wanki mai laushi, tsohon buroshin haƙori, ɗan tsinken katako, tsumma uku, sabulun wanke kwanuka na ruwa, da gorar roba mai lita ɗaya da rabi da aka huda murfinta da ƙusa. In ka matsa gorar nan, ruwa na fita a hankali daidai inda kake so. Lita 10 ta ishi keke komai lakarsa, in ka iya tattali. Wanda ke da famfon feshi irin na manoma ya fi jin daɗi, amma ya zama sabo, wanda maganin ƙwari bai taɓa shiga ba.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Laka ɗanya ruwa kaɗan ke sauke ta. Busasshiya ƙarau buroshi ke kaɗe ta. Mai wahalar ita ce ta tsakiya, wadda ta fara kamawa. In ka dawo da sauran haske, wanke nan take. In dare ya yi, ka kankare mai kaurin da tsinke, ka bar sauran ta bushe, da safe ka kaɗe a waje.

Ka rataye hancin sirdi a igiya ko reshe don tayar baya ta tashi daga ƙasa. Kada ka kifa keken ƙafafu sama kana wanki, ruwa na bi ya shiga wuyan keke da bututun sirdi. Fara da tsinke, ka fitar da lakar da ta cushe tsakanin taya da jiki, da ƙananan ƙafafu biyu na abin canza giya a baya, nan ne baƙin danƙo ke taruwa. Sai ka jiƙa, ka bi da soso daga sama zuwa ƙasa, taya a ƙarshe. Buroshin haƙori na sarƙa da haƙoran giya ne kawai, kada ya taɓa wani wuri. Garin omo ya cika ƙarfi, yana dusar da fenti, in ba ka ɗauraye sosai ba kuma yana barin fari.

Sai maganar masu wankin mota. Da sauƙi ka miƙa musu, minti biyu keke na ƙyalli. Amma injin nan nasu yana tura ruwa ya ratsa robar da ke kare boris, ya kori giris, ya bar ruwa da yashi a ciki. Ba ranar za ka gani ba, sai bayan makonni ka ji ƙara. In dole ce, ka tsaya a kansu, ka ce su ja baya kamar taku biyu, su feshi taya da jiki, su kauce wa wuri huɗu: cibiyar ƙafar gaba, ta baya, gindin feda da wuyan keke. In akwai shoka a gaba, ita ma tsumma mai laushi kawai take so, musamman sandunan nan biyu masu sheƙi.

Da ka gama, ɗaga keken kaɗan ka sake shi ya buga ƙasa sau biyu ko uku, ruwa ya zuba, ka goge da tsumma. In ruwan sama ya yi maka duka sosai, zare sirdi ka karkata keken, za ka yi mamakin abin da zai fito.

Hawa matakala

Keken nan yakan kai kilo 13 zuwa 15. Ka riƙe shi gefen sarƙa na nesa da rigarka, ka kula da kwana, don a nan taya ke zana baƙi a bangon mutane. Uwargida ta ɗinka mana riguna biyu na taya daga tsohon zane, da roba a baki kamar ta wando. Ana sa su a ƙasa, a cire in an sauko. A ciki kuma wurin keke buhu ne a shimfiɗe da kwali a kai. Mu 'yan kasuwa ai ba ma rasa waɗannan.

In an kwana uku ana ruwa, ko babu fili ko kaɗan a gidan, to a kan buhun za ka yi wankin tsumma: bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraya, kana matse tsumma a ciki. Kada ka zubar da ruwan a daren. Bar shi ya kwana, da safe lakar ta kwanta, ka tsiyaye na saman, ka kwashe ta ƙasan a leda ka sauka da ita.

Aikin sama: sarƙa da birki

Komai gajiyarka, kada sarƙa ta kwana a jiƙe. A iska mai laima irin ta nan, balle Duwala da Kwatano da ke bakin teku, dare ɗaya ya isa tsatsa ta nuna kai. Riƙe ta da busasshen tsumma kana juya feda baya, sannan ka ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa. Ka jira minti biyar, ka goge na waje tas. A cikin gaɓa ake buƙatar mai, na waje ƙura kawai yake kira. Man sarƙar keke ya fi. In babu, man giyar mota kaɗan zai yi a damina. Man keken ɗinki ruwa na wanke shi da wuri, sai ka riƙa maimaitawa. Baƙin mai da aka juye daga inji akwai garin ƙarfe a cikinsa, manja da man gyaɗa kuwa danƙo suke zama. Shi WD-40 yana korar ruwa, amma ba ya daɗewa, sai ka bi bayansa da mai.

In baƙin sarƙa ya yi kauri, kananzir kaɗan a tsumma na fitar da shi, amma a waje. Kuma don Allah kada a zuba kananzir a gorar ruwa ko kwalbar lemo a ajiye a gidan da ke da yara. Yaro bai san bambanci ba.

Birki kuwa rai ne, musamman a gari mai gangara. In mai faifai ne, kada mai ko yatsa mai maiƙo ya taɓa faifan. Ka rufe shi da leda lokacin sa mai, ka goge shi da alkwal na kemis a tsumma mai tsabta. In mai ya shiga takalman birkin, yawanci sai dai canji. In kuma mai kama rim ne, duba robar, ka cire tsakuwar da ta nutse a ciki da bakin allura, don ita ke cinye rim. Kafin ka gangara da safe, matsa birki biyun tun a bakin ƙofa.

Ga kuma gwajin da kowane mai sayar da yadi zai iya da tef ɗinsa. Tsakanin ƙusa da ƙusa a sarƙar keke rabin inci ne. Ƙidaya ƙusa 24 gaba, a sabuwar sarƙa inci 12 ne cif. In ya ƙaru da ɗaya bisa goma sha shida na inci, canza sarƙar. In ya kai ɗaya bisa takwas, ta riga ta ci haƙoran baya, su ma sai an saya, kuma sun fi ta tsada nesa ba kusa ba. Sau ɗaya a wata ya isa.

Duk aikin nan, in hannu ya saba, minti 20 ne a ƙasa, 10 a sama. Ni na bar wa ɗana na ƙasa, na riƙe na mai da birki, ƙanensa kuma shi ke share matakala in wani abu ya zuba, tun kafin wani ya taka. Ranar da muka sauka da bokiti, mukan haɗa da kekunan yaran maƙwabta, tunda ruwan ɗaya ne. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da waɗanda muka tarar.