Lacca a Aljihu

Ƙarfe takwas na safe, a wani ɗakin kwanan ɗalibai na wata jami'a a Arewa, mutum uku suna aji ba tare da sun sauko daga gado ba. Ɗaya ya ɗora waya a ƙirji, ya kashe kyamara, malam na ta zuba bayani a Zoom. Na biyu yana dama koko da abin sauraro a kunne guda. Na ukun kuwa ya shiga ne don a ga sunansa, ya ja bargo.

Wannan salo ya kankama ne a 2020, da korona ta rufe makarantu a watan Maris, ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, da ya kai har Disamba. Aka dawo, amma wasu malamai ba su saki hanyar ba, musamman masu darussan da ɗalibai ke cika zaure har tagogi. Yau shugaban aji ke tura komai a guruf ɗin WhatsApp: handawut, muryar malam, sauyin lokaci.

Abin bai rasa amfani ba. Wanda a da ke tsaye can baya yana jin rabi, yanzu sai ya maimaita sau uku. Matar aure mai goyo tana saurare tana tuƙa tuwo.

Sai dai laccar da aka naɗa bashi ce, kuma bashi da daɗin ci. A aji, idon malam da kunyar abokai ke riƙe mutum a kujera. A waya babu mai riƙe shi sai kansa. "Anjima zan saurara" ita ce waƙar kowa. Tun da kuɗin data ya tashi a farkon 2025, da yawa sai tsakar dare suke sauke darasi da datar dare mai araha, su kwanta da jin cewa sun yi karatu, alhali ko buɗe shi ba su yi ba. Wayar da ke ɗauke da laccar kuma ita ke ɗauke da TikTok da sakamakon ƙwallo. Sai jarrabawa ta ƙarato a ga mutum yana gudu da muryar malam ninki biyu, kamar malamin ya ci barkono.

Waɗanda suka fi burge ni wasu 'yan aji uku ne da ke haɗuwa ƙarƙashin dalbejiya bayan la'asar. Kowa ya jefa wayarsa a jaka guda, a bar ɗaya tal a tsakiyar tabarma. A saurara kaɗan, a tsayar, kowa ya rubuta abin da ya kama a littafi, a yi ta musu. Ranar da na zauna da su, wayar ta mutu ana tsaka da darasi, ga shi babu wuta tun safe. Suka tura ƙaraminsu wajen mai caji, suka ci gaba da musun.