Hazon Asuba Da Dorinar Binuwai

'Yan'uwanmu mazauna Duwala sun san hazon da kan lulluɓe bakin kogin Wuri da sassafe. To, mu ma a nan Garwa muna da namu, har iri biyu. Akwai busasshe, wato ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wadda kan wuni tana dushe rana. Akwai kuma mai laima, wanda kan kwanta a kan Binuwai a watannin Disamba da Janairu. Dalilinsa kuwa, da dare iska kan yi sanyi ƙwarai, alhali ruwan kogi yana riƙe da ɗuminsa, sai tururi ya tashi ya taru kamar an shimfiɗa auduga. Hantsi na dubawa, ya watse.

Wata safiya muka shiga kwalekwale tare da wani dattijon masunci da yara uku 'yan makaranta, za mu haye. Ba a ganin ɗaya gaɓar. Kirinjijiya na ta feɗuwa a sama, ga zalɓe can tsaye kan yashi ya ƙame kamar an dasa shi. Muna tsakiyar ruwa sai dattijon ya daina tuƙi, ya ce, "Malam, ka ce wa yaran nan su yi shiru." Can muka ji huci, sa'an nan kunnuwa biyu suka ɓullo, ko taku ashirin ba su kai ba daga inda muke. Dorina ce, da ɗanta a gefe. Dattijo ya riƙa ja da baya sannu a hankali, har hazo ya raba mu da ita. Ba mu san mun riƙe hannun ƙaramin yaron da ƙarfi haka ba sai da ya ce, "Malam, da zafi."

Abin da ya kamata iyaye su gane shi ne, wannan haɗuwa ba tsautsayi kaɗai ba ne. Dorina da dare take kiwo. Takan fito tudu ta ci ciyawa kamar kilo 40, ta komo ruwa gab da wayewar gari, wato daidai lokacin da masunta, da 'yan wanki, da masu haƙar yashi, da ɗalibai ke gangarawa kogi. Ga hazo ya rufe ido. Wanda ya shiga tsakaninta da ruwa, ko tsakaninta da ɗanta, ya shiga uku. Kada jikinta ya ruɗi kowa: nauyinta ya haura tan ɗaya da rabi, amma a ƙasa tana gudun da ya kai kilomita 30 a awa. A ruwa kuwa takan nutse har wajen minti 5 ba a san inda za ta ɓullo ba.

Tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982 kogin ya sauya hali. Ruwa ba ya janyewa da rani kamar da, jama'a sun ƙaru, lambunan albasa da masara sun sauko har bakin gaɓa. Makiyayar dorina ta zama gona. Idan ta cinye wa talaka shukarsa a dare ɗaya, ba mu ga laifinsa ba in ya yi fushi. Amma kashe ta ba tare da izinin hukuma ba laifi ne a doka, kuma harbin da bai kashe ta ba sai dai ya bar wa masu kwalekwale dabba mai rauni da zafin rai. Abin mamaki, a garin nan aka buɗe Makarantar Namun Daji tun 1970, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka da dama, amma 'ya'yanmu da yawa ba su taɓa jin darasi ɗaya a kan dabbar da ke bayan gidansu ba.

Tsofaffin masunta suna da dabararsu. Sukan bubbuga jikin kwalekwale da filafili don dorina ta ji zuwansu, ba sa bi ta gurbi mai zurfi inda garke ke kwana, kuma in sun ga sabon sawu a laka sukan sake mashigi. Mu kuma malamai mun yanke shawara a tsakaninmu: yaron da ke hayowa daga ƙetaren kogi, in ya makara a watannin hazo, ba bulala ba tsallen kwaɗo. Ya jira gari ya washe, mu za mu maimaita masa darasin farko a lokacin tara.