Kimiyyar Da Ke Cikin Sandar Wasan Lakros

Wasan lakros ya samo asali ne daga 'yan asalin Arewacin Amurka, tun kafin zuwan Turawa. A shekarar 1867 wani likitan haƙori a Kanada, George Beers, ya tsara masa dokoki. Ana yin sa da sanda mai 'yar raga a bakinta, da ƙwallon roba mai nauyin wajen giram 145.

Abin da ya fi ba ɗan koyo wuya shi ne gudu ba tare da ƙwallon ya faɗi ba. Dabarar ita ce ya riƙa murza sandar da wuyan hannu, hagu da dama. Duk ɗalibin da ya taɓa wulwula bokitin ruwa bai zube ba ya san sirrin: ƙwallon yana neman wucewa sak, ragar kuwa tana tankwasa hanyarsa, sai ya manne mata.

Cafewa ma haka take. Idan yaro ya sandare hannu, ƙwallon zai yi tsalle ya fice. In ya ja sandar baya kaɗan, lokacin tsayar da shi ya ƙaru, ƙarfin bugun ya ragu. Don haka ne masu horarwa kan sa yara jifan bango da cafewa kullum, da dama da hagu, ko da yake hagun ce yara suka fi ƙi.