Don Allah Kar A Ba Tsohuwar Mage Panadol

A gidanmu na Demsawo, Jimeta, muna da mage mai shekara 12. Bara ta daina hawa katanga, ta daina lasar bayanta, gashin ya cukurkuɗe. Muka ce ai tsufa ne kawai. Likitan dabbobin da ke duba shanun Baba ne ya lalluba ƙugunta, ya ce amosanin gaɓɓai ne.

Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai guringuntsi. In ya cinye, sai ƙasusuwan su riƙa gugar juna, ga zafi. Saniya kan yi ɗingishi kowa ya gani, ita kuwa mage ɓoye ciwonta take.

To 'yan uwa na Sabo a Ibadan da Agege, masu ajiye mage a shago saboda ɓeraye, a kula. Inna ta so ba tamu rabin Panadol, likita ya hana. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

A shimfiɗa mata buhu wuri mai ɗumi, a sauko da kwanon abincinta ƙasa, kar a bari ta yi ƙiba. Magani kuma sai na likitan dabbobi.