Rage Tsayin Motar Wagon Mai Gudu: Abin Lura Kafin a Sayi Sifirin

A shekarar 1975 ne aka fara haɗa motocin Fijo a Kaduna, kuma duk wanda ya taɓa yin tafiya a cikin Fijo 504 wagon ya san dalilin da ya sa direbobin tasha suka riƙe ta shekara da shekaru. Cikinta nesa yake da ƙasa, sifirin ɗinta yana da laushi, takan ɗauki fasinja da kayansu ta bi gargada ba tare da ta gogi dutse ba. Amma cikin motocin wagon da ake shigowa da su yanzu daga Turai da Amurka akwai wani iri dabam, watau waɗanda aka ƙera domin gudu. Irinsu ne Audi RS2 Avant da ta fito a 1994, da Volvo 850 wagon wadda aka shigar tseren motoci a Ingila cikin wannan shekarar, da Subaru Legacy ta Japan, da kuma ƙannensu da suka biyo baya. An auna waɗannan motoci ne da shimfiɗaɗɗun titunan ƙasashen da suka ƙera su, kuma da yawansu tun daga masana'anta an riga an sauke su ƙasa fiye da 'yan'uwansu na yau da kullum.

Duk da haka masu irin waɗannan motoci, galibi samari, sukan so a ƙara sauke su. Wasu domin ado ne, su ga taya ta cika gurbinta. Wasu kuwa domin mota ta rage karkata a kwana. Dalili na biyu yana da tushe, gama idan nauyin mota ya matso kusa da ƙasa takan fi zama daram. Sai dai kowace milimita da aka rage, daga wani wuri aka ɗebo ta, kuma wajibi ne mai mota ya san wurin kafin ya fitar da kuɗinsa.

Inda ake ɗebo tsayin

Ƙafar mota ba a kafe take ba. Tana da tazarar da take hawa sama idan ta taka tudu, a ƙarshen tazarar kuma akwai wata roba mai tauri da ke tare ta don kada ƙarfe ya bugi ƙarfe. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin motar, shakazoba kuwa aikinta ta hana sifirin yin ta tsalle bayan ya lotsa. A misali, idan ƙafa tana da tazarar milimita 80 kafin ta kai ga robar nan, aka sauke mota da milimita 40, to rabin tazarar ya tafi. In ana son sifirin ya tare nauyin da yake tarewa a da cikin rabin tazara, sai taurinsa ya ninka. In ba a ƙara taurin ba, motar za ta riƙa dukan roba a kowane rami, kuma a daidai lokacin da ta daki robar taya kan rasa riƙon titi. A cikin kwana, da gudu, wannan shi ne mafarin kifewa.

Saboda haka ne kamfanonin da suka shahara da wannan sana'a, kamar Eibach da H&R na Jamus, suke yin sifirin da ya fi na asali gajarta kuma ya fi shi tauri a lokaci guda. Galibin na hawan yau da kullum suna sauke mota da milimita 25 zuwa 35, watau inci ɗaya ko fiye kaɗan. Wannan ita ce hanya mafi arha, amma tana da sharaɗi. Shakazobar asali an auna ta ne da sifirin mai tsawo da laushi, in aka haɗa ta da gajere mai tauri sai ta kasa sarrafa shi, ta kuma mutu da wuri, balle ma a motar da ta riga ta ci dubban kilomita kafin ta hau jirgin ruwa. Abin da ya fi shi ne a sauya su tare. Kamfanin Bilstein, alal misali, yana da shakazoba samfurin B6 domin mota mai tsayinta na asali, da samfurin B8 wadda aka gajarta musamman domin sifirin da ya sauke mota. Koni na ƙasar Holan ma yana da irin nasa.

Hanya ta biyu ita ce shakazoba mai haɗe da sifirin ɗinta, wadda makanikai ke kira koyiloba. Jikinta yana da murɗi kamar na noti, ana juya zoben da sifirin ke zaune a kai, mota ta hau ko ta sauka. KW na Jamus da Tein na Japan da Öhlins na Suwidin suna cikin masu yin ta. Amfaninta ga mai mota a Nijeriya ba ya cikin yawan saukar da take iya yi, yana cikin damar komawa sama idan aka ga an wuce gona da iri. Tana da tsada, kuma murɗin nan yana son wanki da ɗan mai, domin ƙurar hunturu da taɓon damina sukan cije shi har ya ƙi juyawa. Koyiloba mai arhar banza wadda ba a san maƙerinta ba kuwa, gara tsohon sifirin na asali da ita.

Akwai hanya ta uku da ake gani a wasu garejoji, ita ce yanke sifirin da zarto ko gasa shi da wutar walda har ya lotsa. Wannan ba gyara ba ne. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, sai ya ci gaba da lotsawa ko ya karye. Yanka kuwa yana cire bakin da aka lanƙwasa domin ya zauna a mazauninsa, kuma idan ƙafa ta saki sosai sifirin yana iya zamewa daga wurinsa ya huda taya.

Bayan wagon ba bayan salun ba ne

Nan ne aka fi yin kuskure. Wagon da salun na samfuri ɗaya sukan yi kama ta gaba, har mai sayar da kaya ya rantse cewa sifirin ɗinsu ɗaya ne. Ta baya kuwa sun bambanta. Wagon tana da ƙarin rufi da gilashi da babbar ƙofar baya, an kuma ƙera ta domin ta ɗauki kaya. In aka sa mata sifirin salun, ran da babu kowa a ciki za ta yi kyau a ido, ran da aka tashi tafiya gida da Salla, mutum uku a baya da buhun shinkafa da akwatuna, sai gindinta ya zauna, hancinta ya ɗaga. Fitilu su haska idon masu tahowa, sitiyari ya yi sako-sako, taya ta riƙa cin jikin mota.

Har wa yau wagon da yawa suna da na'urar da ke ɗaga baya da kanta idan an yi lodi. Wagon ɗin Marsandi na dā da matsin mai suke yin haka, samfurin E da ya fito a 2003 kuwa da jakar iska. Wasu Volvo suna da shakazoba mai suna Nivomat wadda ita ma take ɗaukar wani kaso na nauyi, shi ya sa sifirin da ke tare da ita ya fi laushi. Wanda ya cire Nivomat ya sa shakazoba ta gama-gari bai sauya sifirin ba, bayan motarsa zai faɗi. Akwai kuma masu shakazobar da kwamfuta ke sarrafawa, kamar Volvo V70 R ta 2003, sai kuma Audi RS6 ta 2002 wadda shakazobobinta ke haɗe da juna ta bututun mai. Irin waɗannan ba a cire musu abu ɗaya a bar saura, sai da kayan da aka yi musamman dominsu.

Don haka ba a sayen sifirin da sunan mota kawai. A jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin marfin inji akwai ɗan allo mai nuna lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, da iyakar nauyin da ƙafafun gaba da na baya za su ɗauka. Kayan kirki daga Jamus sukan zo da takardar gwaji ta hukumar TÜV, wadda ke faɗin samfurin motar da kayan suka dace da ita da nauyin da aka yarda su ɗauka. Sai a gwada lambobin biyu. In na takardar ya gaza na allon, kayan ba na wannan motar ba ne, ko da sun shiga gurbi. Ko a Ladipo ta Legas mutum ya je, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ya tafi da lambar shasi a rubuce, ya kuma duba lambar da aka buga a jikin sifirin kansa, kada ya tsaya ga ta kwali. Motar da aka yi domin kasuwar Amurka takan bambanta da ta Turai ko da sunansu ɗaya.

Awo kafin saye

Motocin gudu da yawa tazarar cikinsu da ƙasa ba ta wuce santimita 12 zuwa 14 ba. In aka cire uku, abin da ya rage kaɗan ne, kuma abin da ke can ƙasa shi ne kaskon baƙin mai da salansa. Kaskon nan a yawancinsu na alminiyam ne, ba ya lotsawa kamar ƙarfe, fashewa yake yi, inji kuwa in ya rasa mai ba ya daɗewa. Wagon doguwa ce, saboda haka kunyar rage gudu takan kama ta a tsakiyar ciki, gangaren ƙofar gida da bakin kwalbati kuma su kama ta a bamba. Ya kamata mai mota ya cika ta da mutane da kaya kamar ranar tafiya, ya auna mafi ƙasƙancin wuri a cikinta, sa'an nan ya auna mafi tsayin kunyar da ke kan hanyarsa ta kullum. Bambancin da ke tsakani shi ne iyakar abin da yake da ikon ragewa. Ga mafi yawan hanyoyin ƙasar nan, milimita 20 zuwa 25 ta isa, kuma motar da masana'anta ta riga ta sauke, sau da yawa sabuwar shakazoba mai kyau kaɗai take bukata.

Bayan an ɗaura

Sauke mota yana sauya tsayuwar ƙafafunta. Saman taya yakan karkata ciki, sai gefen ciki ya cinye alhali na waje yana nan kamar sabo, kuma mai mota ba ya gani sai waya ta fito. Lalle ne a kai ta a daidaita ƙafafun huɗu a kan na'ura, a kuma sake dubawa bayan 'yan makonni idan sifirin ya gama zama. Notocin da ke riƙe da bushin, sai mota ta sauka a kan ƙafafunta ake ƙarasa ɗaure su. In aka ɗaure tana rataye a kan jak, robar takan murɗe ta yage. Fitilun gaba ma sai an sake saita su.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon tsayar da motar da ba ta cancanci hawa titi ba, kuma taya mai gugar jikin mota tana cikin abin da ido ke gani nan take. Haka nan ya kamata a sanar da kamfanin inshora a rubuce, domin sauyin da aka ɓoye yana iya zama hujjar jayayya ranar biyan diyya. Tsohon sifirin da shakazoba kuma a wanke su a ajiye, a rubuta na gaba da na baya, na hagu da na dama, gama mai sayen mota na gaba yana iya neman a mayar da ita yadda ta zo.