Ba Yawan Jini Ake Ƙirgawa Ba: Yadda Ya Kamata A Auna Littattafan Ban Tsoro Na Matasa

Tun daga shekarar 2005, lokacin da marubuciyar nan 'yar Amurka Stephenie Meyer ta fitar da littafinta Twilight, kasuwar littattafan matasa a Amurka da Ingila ta cika da mashaya jini, da fatalwa, da mayu, da samarin da ke rikiɗewa su koma kyarkeci idan ransu ya ɓaci. Ba ita ta fara ba, don L. J. Smith ta riga ta da The Vampire Diaries tun 1991. Sai dai nata ne ya yi kasuwa: littattafai huɗu na jerin sun sayu fiye da kwafi miliyan 100, aka kuma mayar da su fina-finai biyar tsakanin 2008 da 2012. Tuni waɗannan labarai suka iso mana, suna cikin wayoyin 'yan sakandare da 'yan jami'a, wasu a rubuce, wasu a fim. Uba ko malamar makaranta da ba su da lokacin karanta shafi ɗari biyar, dole su dogara da wanda ya karanta ya yi sharhi. Matsalar ita ce yawancin masu sharhin, a can da kuma nan, ma'aunin da suke ɗauka ba shi ne ya dace da kayan ba. Suna ƙirga gawarwaki da ɗigon jini, alhali abin da ya kamata su bincika shi ne me littafin yake ƙawata wa yaro, me kuma yake sa shi ƙyama.

An yi wannan muhawara a fili a watan Yuni na 2011. Meghan Cox Gurdon, mai sharhin littattafan yara a jaridar Wall Street Journal a lokacin, ta yi rubutu tana kukan cewa littattafan matasa sun yi duhu da yawa, sun cika da kisa da fyaɗe da yanka jiki, kuma yawan nuna wa yaro mummunan abu yana iya sa ya daina ganin muninsa. Marubuci Sherman Alexie, wanda ya tashi cikin talauci a yankin da aka keɓe wa ƙabilar Spokane ta asalin mazauna Amurka, ya mayar mata da martani a jaridar, yana cewa yara da yawa a cikin wannan duhun suke rayuwa tun kafin su buɗe littafi, kuma littafin da ya faɗi gaskiyar halinsu taimakonsu yake yi. Kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Amma dukansu sun tsaya a kan tambaya guda, wato duhun ya yi yawa ko bai yi ba, kuma wannan tambaya ba ta iya raba littafi mai amfani da mai cutarwa. Misalai biyu za su nuna haka.

Na farko shi ne A Monster Calls na Patrick Ness, wanda ya fito a 2011. Asalin tunanin labarin na marubuciya Siobhan Dowd ne, wadda ciwon daji ya kashe a 2007 kafin ta rubuta shi. Yaro ne ɗan shekara 13 mai suna Conor, mahaifiyarsa tana fama da ciwon daji, mahaifinsa ya yi wani aure a Amurka, a makaranta kuma akwai mai cin zalinsa kullum. Da ƙarfe sha biyu da minti bakwai na dare sai wata tsohuwar bishiya da ke maƙabartar kusa da gidansu ta rikiɗe ta zama dodo, ta tako har bakin tagarsa. Dodon ya ce zai ba shi labarai uku, shi kuma dole ya biya da na huɗu, kuma na huɗun sai ya zama gaskiyar da yake ɓoyewa. Gaskiyar ita ce yaron ya gaji. Yana son wahalar ta ƙare, ko da ƙarewarta na nufin rasa uwarsa, kuma wannan tunani yana cin ransa don yana ganin ya zama mugun ɗa. Wanda ya ƙirga abubuwan ban tsoro a littafin nan zai samu maƙabarta, da dodo, da mutuwa, da zanen Jim Kay mai baƙi ƙirin, sai ya ce a ɓoye wa yara. Amma duk wanda ya san zaman jinya mai tsawo, ya san yarinyar da ta bar aji tana wanke wa mahaifiyarta kwano a asibiti wata da watanni, ya san irin wannan gajiya da ba a iya faɗa wa kowa. Littafin yana gaya wa irin wannan yaro cewa tunanin da ya zo masa bai mayar da shi azzalumi ba. A 2012 ya ci lambar Carnegie ta rubutu da ta Kate Greenaway ta zane a lokaci guda, abin da wani littafi bai taɓa yi ba kafinsa.

Na biyu shi ne Twilight ɗin kansa. Idan da ƙirgen jini ne, littafin farko na jerin ba shi da wani abin tayar da hankali sosai. Idan da ma'aunin batsa ne, nan ma ya tsallake, domin Meyer 'yar cocin Mormon ce, kuma ta hana masoyan nata kusantar juna sai bayan aure a littafi na huɗu, Breaking Dawn na 2008. Iyaye da yawa sun yaba mata a kan haka. To amma a dubi yadda soyayyar take tafiya. Jarumar labarin, Bella, 'yar shekara 17 ce a garin Forks na jihar Washington. Masoyinta Edward kuwa an haife shi a 1901, aka mayar da shi mashayin jini a 1918 lokacin annobar mura, don haka fuskarsa ce kawai ta saurayi. Yana shiga ɗakinta ta taga da dare yana kallonta tana barci, ba tare da saninta ba, kuma da ta gano, sai labarin ya nuna abin a matsayin tsananin ƙauna. A littafi na uku, Eclipse, ya cire wani abu daga injin motarta don kada ta je wurin abokinta Jacob. A na biyu, New Moon, da ya tafi ya bar ta, marubuciyar ta bar shafuka babu komai a kansu sai sunayen watanni, daga Oktoba zuwa Janairu, alamar cewa rayuwar yarinyar ta tsaya cak. Daga baya ta riƙa jefa kanta cikin haɗari don ta ji muryarsa a kanta, har ta yi tsalle daga kan dutse ta faɗa teku. Shi kuma da ya zaci ta mutu, sai ya nufi garin Volterra na Italiya yana neman a kashe shi. Yarinya 'yar shekara 14 ba za ta haɗu da mashayin jini ba har ta bar duniya. Amma za ta iya haɗuwa da saurayin da ke bincika wayarta, yana raba ta da ƙawayenta, yana barazanar zai kashe kansa idan ta rabu da shi. Idan littafin da ta fi so ya riga ya koya mata cewa wannan shi ne so na gaskiya, an yi mata illa, kuma illar ba ta fito daga haƙoran dodo ba.

Saboda haka aikin mai sharhi ya wuce lissafa abin da ya faru a labari. Sai ya duba inda marubuci ya ajiye zuciyar mai karatu: tana tare da wanda ake zalunta ne, ko an sa ta sha'awar mai zaluncin saboda kyau da kuɗi da ƙarfi? Sai ya duba ko mugun aiki yana da sakamako a cikin labarin, ko kuwa ana wucewa kamar ba a yi ba. Idan akwai yunƙurin kashe kai, ya faɗa a fili, ya kuma faɗi ko an nuna shi a matsayin masifa ko a matsayin hujjar soyayya, domin masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe suna gargaɗi cewa ƙawata wannan abu yana iya jan mai rauni ya kwaikwaya. Wannan ba zai yiwu ba sai an karanta littafi har ƙarshe. Sharhin da aka gina a kan bango da babi na farko zalunci ne ga marubuci, yaudara ne ga iyaye.

Wani zai ce a wurinmu maganar ta fi haka nauyi, domin batun aƙida ne. Ga Bature, maye da aljani kayan nishaɗi ne, mu kuwa mun yi imani da samuwar aljanu, mun san sihiri haramun ne, kuma labarin matacce ya dawo yana yawo ko wani ya rayu har abada ya saɓa wa abin da muke karantar da 'ya'yanmu. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma mai sharhin da ya raina ta bai san masu karatunsa ba. Haƙƙi ne a kansa ya gaya wa iyaye ƙarara cewa littafi kaza an gina shi a kan tsafi ko a kan gumakan wata al'umma, su yanke hukunci da kansu. Sai dai kada a manta adabinmu bai taɓa rabuwa da waɗannan halittu ba. Kakanni sun tsorata jikoki da Dodo a tatsuniya shekara da shekaru. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, akwai aljanu a cikinsa, kuma a aji aka karantar da shi ga ɗalibai masu yawa ba tare da an ji ya ɓata imanin kowa ba. Abin da za a bambance shi ne labarin da ya yi amfani da sihiri don ya faɗi wata gaskiya game da ɗan Adam, da wanda yake nuna wa yaro cewa zuwa wurin boka ita ce hanyar samun biyan bukata. Akata Witch na Nnedi Okorafor, wanda ya fito a 2011, ya isa misali mai wuyar hukunci. Jarumarsa Sunny zabiya ce 'yar shekara 12 a ƙasar Ibo, ana tsangwamarta saboda fatarta, kuma abokin gabarta mutum ne mai sace yara don tsafi, abin da duk ɗan Nijeriya ya san ba ƙage ba ne. Labarin yana tare da yaran ɗari bisa ɗari, amma da tsafi ake yaƙar tsafin. Sharhi na adalci zai faɗi duka biyun.

Wani kuma daga ɗaya gefen zai ce duk wannan hanyar tace littattafai ce aka sake wa suna, kuma matasa sun san ƙirƙira daga gaskiya. Sun san babu mashaya jini, haka ne. Abin da ba su gama sani ba shi ne yadda soyayya mai lafiya take, don yanzu suke koyo. Game da tacewa kuwa, sharhi na ƙwarai shi ne yake rage bukatarta. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, amma rubutun bai tsaya ba, daga baya ma ya koma cikin waya inda ido bai kai ba. A 2024 jihar Utah ta Amurka ta haramta littattafai 13 a dukkan makarantun gwamnati, shida daga ciki na Sarah J. Maas ne. Labarin Maas ɗin ma darasi ne. Littafinta A Court of Thorns and Roses na 2015 da farko a sashen matasa aka sayar da shi, duk da cewa jerin yana da bayanin kwanciya a fili, sai daga baya kamfanin da ya buga shi ya mayar da shi sashen manya. Dalilin irin wannan ruɗani a bayyane yake: wani bincike na kamfanin Bowker a 2012 ya gano cewa kashi 55 cikin ɗari na masu sayen littattafan matasa manya ne da suka kai shekara 18 ko suka wuce. Kenan tambarin “na matasa” ya haɗa ɗan shekara 12 da matar aure mai shekara 30 a layi ɗaya, kuma littafi ba ya zuwa da alamar shekaru a bango kamar yadda fim ke zuwa da ita. Inda babu mai faɗin gaskiyar abin da ke ciki, hukuma ce kan shigo da haramci na bai-ɗaya, ta haɗa mai kyau da marar kyau.

Jaridunmu da gidajen rediyonmu na Hausa ba su cika ware fili don sharhin littattafan da matasa ke karantawa da gaske ba, na Turanci ne ko na Hausa da ke yawo a WhatsApp, waɗanda su ma suna cike da aljanu masu auren 'yan Adam da attajirai masu kulle mata a gida da sunan kishi. Ya kamata editoci su buɗe wannan fili, malaman adabi na kwalejoji da jami'o'i su cike shi. Duk wanda zai yi, ya karanta littafin duka, ya faɗi shekarun da ya dace da su da dalilinsa, ya ambaci abin da ya shafi aƙida da kashe kai da kwanciya ba tare da kwana-kwana ba. Ku kuma iyaye, idan kun ga irin wannan littafi a hannun 'yarku, kafin ku ƙwace ku tambaye ta wane ne ya fi burge ta a cikin labarin, kuma me ya sa.